Ina Taken Ya Tafi? Tsokaci A Kan Kiɗan Finafinan Hausa

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida, watau Maruta ta ƙasar Gwaram, kuma a can ne na gamu da abin da ya jawo wannan ɗan rubutu. Wata rana bayan sallar lisha muna zaune a ƙofar gida, samari sun jingina waya a jikin buta ana kallon wani fim na Hausa. Tare da mu akwai wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi kiɗan gangar noma a zamanin ƙuruciyarsa. Yanzu ganinsa ya yi rauni, saboda haka da kunne yake bin labarin. Can aka nuno wurin gayya, majiya ƙarfi sun jeru a kunya da garemani, sai wani kiɗan fiyano mai sanyi ya tashi. Dattijon nan ya gyara zama ya ce, "Inna lillahi! Wa ya rasu?" Muka ce, "Baba, ba wanda ya rasu, noma ake yi." Ya yi shiru. Da tafiya ta yi tafiya sai uwar yarinyar fim ɗin ta rasu da gaske, aka kuma sako wannan kiɗa dai, ba ragi ba ƙari. Sai ya ce, "To, an koma gonar ke nan?"

Samari suka fashe da dariya, ni ma na dara. Amma da na kwanta sai na ga ashe tsohon nan ya yi nazarin da mu 'yan jami'a ba mu yi ba. Kunnensa ya saba da cewa kiɗa magana ne, yana gaya wa mai sauraro inda ake da abin da ake ciki. Kiɗan da ya ji a daren nan kuwa bai gaya masa kome ba, har ma ɓatar da shi ya yi. Manufata a nan ita ce in nuna cewa masu shirya finafinanmu sun gwanance wajen tsara waƙa, amma har yanzu ba su ba kiɗan labari haƙƙinsa ba, alhali kuwa Bahaushe ya gaji hanyar yin wannan tun kaka da kakanni.

Waƙar Ratse da Kiɗan Rakiya

Kafin mu yi nisa ya kamata mai karatu ya rarrabe abubuwa biyu waɗanda akan haɗa su a kira su da suna ɗaya. Na farko shi ne waƙar da ake tsayar da labari dominta, saurayi da budurwa su sauya tufafi, su shiga lambu su yi rawa, in an gama a dawo inda aka tsaya. Wannan zan kira ta waƙar ratse, aron kalmar da malamanmu na nazarin waƙa ke amfani da ita ga mawaƙin da ya saki jigonsa ya ɗan kewaya. Na biyu shi ne kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin magana da motsin 'yan wasa, wanda sau da yawa mai kallo ba ya ma lura da shi, amma shi ne ke sa gabansa ya faɗi ko idonsa ya kawo ruwa. Wannan zan kira shi kiɗan rakiya, domin raka labari yake yi.

Akwai awo mai sauƙi da za a gane matsayin kowace waƙa a cikin labari, kuma a tatsuniya na koye shi. Duk wanda ya zauna gaban kakarsa ya san cewa waƙar cikin tatsuniya aiki take yi. Da ita marainiya ke kiran wanda zai cece ta, da ita tsuntsu ke tona asirin mai laifi, da ita ake buɗe ƙofar da ke kulle. In ka cire waƙar, tatsuniyar ta rushe. To, a gwada wannan awo a kan finafinanmu. A yanke waƙoƙin da ke ciki, a duba ko labarin ya rasa wani abu. A mafi yawan waɗanda na gwada, ban ga abin da ya ragu ba sai tsawon lokaci.

Yadda Fiyano Ya Shigo

Ba yau Bahaushe ya fara ganin kansa a majigi ba. Tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Amma sana'ar da muke magana a kanta, watau ta finafinan bidiyo, ta soma ne a Kano a 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Samarin da suka kafa wannan sana'a kuwa sun tashi ne da kallon finafinan Indiya a gidajen silima na Kano irin su Falas da Marhaba da Eldorado, kuma daga baya a talabijin da kaset. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da suka ɗauka cewa fim ba ya cika sai da waƙa.

Kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigi, cikin waɗanda suka fara kaɗa wa finafinan nan fiyano akwai Nasiru Ishaq Gwale, wanda ya soma da ɗan ƙaramin Casio. Daga baya kamfanin Iyan-Tama ya sayo fiyano ƙirar Yamaha, wanda ke iya kwaikwayon muryoyin kayan kiɗa iri-iri, aka yi amfani da shi a fim ɗin Badaƙala na Ɗan'azumi Baba a 1997. Sa'an nan a 1999 kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Waƙar wannan fim ta game ƙasar Hausa, birni da ƙauye, har ƙetare. Daga nan 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai suka gane cewa waƙa ce ke sayar da fim, kuma mai kuɗi shi ke da ta cewa.

Yabon gwani ya zama dole. Kiɗan Sangaya, ko da yake daga na'ura ya fito, an murɗa shi ne ya yi kama da kalangu da bandiri da sarewa, kuma a ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa kunnen Bahaushe ya karɓe shi nan da nan. Abin takaicin shi ne, darasin da aka ɗauka daga nasarar bai zama "a komo gida" ba, sai ya zama "a ƙara waƙa".

Yadda Ake Haɗa Kiɗan

Na taɓa raka wani abokina wani sutudiyo a Titin Gidan Zu a Kano, na ga yadda ake aikin. Ɗaki ne ƙarami da aka lulluɓe bangonsa da soso, da fiyano ɗaya, da kwamfuta, da wani ɗan lungu inda mawaƙi ke tsayawa. Mawaƙi ya zo da amshinsa a ka, ya rera wa makaɗi. Makaɗi ya lalubo karin a fiyano, ya ɗora ganga, ya ɗora busa, ya ɗora tafi, kowanne a layinsa. Sa'an nan aka ɗauki muryar namiji, aka ɗauki ta mace, aka bi da na'urar gyaran murya aka goge duk wani gargada. Kafin la'asar waƙa ta haɗu. Ranar ɗaukar hoto sai a saki waƙar a lasifika, 'yan wasa su riƙa motsa baki suna taka rawa.

Ban ga laifin wannan tsari ba a kan kansa, domin haka Indiya ma ke yi, inda mawaƙa irin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suka shekara da shekaru suna ba 'yan wasa aron murya. Inda gizo ke saƙar shi ne amsar da makaɗin ya ba ni da na tambaye shi ko ya karanta labarin fim ɗin. Ya yi murmushi ya ce ko sunan fim ɗin ba a raɗa ba tukuna. Na ce to kiɗan da zai bi sauran fim ɗin fa? Ya ce wannan ai aikin mai tace hoto ne, yana da tarin sautuka a kwamfutarsa, na baƙin ciki daban, na tsoro daban, sai ya ɗauko ya liƙa. Nan na gane asalin ruɗewar dattijon Maruta.

A wuraren da sana'ar ta kafu, kiɗan rakiya yana da ranarsa da kasonsa na kuɗi. Bayan an gama tace hoto, darakta da makaɗi sukan zauna su kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, suna sa alama: a nan kiɗa zai shiga, a nan zai fita, a nan kuma shiru ya fi. Makaɗi ya auna tsawon kowane wuri har daƙiƙa, ya je ya tsara, a ɗauka, sa'an nan a daidaita ƙarfinsa da na magana don kada ya danne ta. Wani lokaci ma akan fara da kiɗan. Makaɗin nan na Italiya, Ennio Morricone, ya tsara kiɗan fim ɗin kaboyi na Once Upon a Time in the West na 1968 tun kafin a ɗauki hoto, ya ba kowane babban ɗan wasa nasa sautin, darakta Sergio Leone ya riƙa sakin kiɗan a wurin ɗauka don 'yan wasa su yi tafiya da shi.

Su kansu Indiyawan da muke koyi da su ba a rawa kaɗai suka tsaya ba. Duk wanda ya kalli Sholay na 1975, wanda R. D. Burman ya yi wa kiɗa, zai tuna wurin da Amita ke zaune da almuru yana busa ɗan abin busarsa na baki, matar nan da mijinta ya rasu tana bin fitilun bene tana kashewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce uffan, ba wanda ya yi rawa, amma kowa ya san abin da ke zukatansu. Mun je gidan maƙwabci aro, mun ɗauko faifai mun baro tukunyar.

Take: Gadon da Aka Bari

Abin da Morricone ya yi, na ba kowane mutum sautinsa, Turawa suna da dogon suna da suke kiransa da shi, suna kuma koyar da shi a makarantun kiɗa. Mu kuwa take muke ce masa, kuma kowane yaro a ƙauyenmu ya san shi. Sarki yana da takensa, ɗan dambe yana da nasa, sarkin noma yana da nasa. Makaɗi yana hango mutum daga nesa zai sauya hannu, jama'a su waiwaya su ce wane ya iso, tun ba su gan shi ba. Ko gidajen rediyo da wannan kalma suke amfani ga kiɗan buɗe shiri, har waƙar ƙasa ma taken ƙasa muke ce mata.

Bugu da ƙari, Bahaushe ya raba wa kayan kiɗansa aiki. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne. Kotso da taushi na mawaƙan fada ne, irin su Narambaɗa da Salihu Jankiɗi. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, kafin Mamman Shata ya fito da shi ga kowa da kowa. Dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma, komo na maharba, garaya da goge kuwa an san su da 'yan bori. Mata suna da kiɗan ƙwarya irin na Barmani Coge, 'yammata suna da shantu, ga kuma luguden taɓarya a turmi. Masu kiɗan tsirkiya ma kowa da muryarsa: kuntigin Ɗanmaraya Jos daban, gurmin Haruna Uji na Haɗejiyarmu daban.

To, jama'a, wannan ai ƙamus ne cikakke aka ajiye wa mai shirya fim. In yana so ya nuna an wayi gari a gidan sarauta, busa ɗaya ta wadatar, ba sai ya rubuta a allo ba. In yana so ya nuna mugun labari na tafe wa attajiri yana tsakiyar shagali, sai ya sa takensa ya riƙa raguwa har ya koma ganga ɗaya. In yarinya ta yi aure a birni tana kewar gida, ba sai ta yi dogon jawabi ba. Sautin shantu daga nesa zai faɗi abin da bakinta ba zai iya ba. Mai kallo ba ya bukatar fassara, domin da wannan harshe aka yaye shi. Kiɗan da aka saukar daga intanet kuwa, kome daɗinsa, baƙo ne, bai san kowa ba a garin.

Karin Harshe

Akwai wata illa kuma da ta shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, watau hawa da saukar murya suna sauya ma'ana. Alal misali, kuka na hawaye da kuka ta miya harufansu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Wannan ne ya sa kalangu ke iya magana, domin makaɗi na matsa tsarkiyarsa a hammata yana bin hawa da saukar kalma. Mawaƙin gargajiya daga kalma yake ciro karin waƙarsa.

Amma idan aka ɗauko karin waƙar Indiya dungurungum, kamar yadda aka sha yi musamman a shekarun farko na wannan ƙarni, aka ce sai an cusa kalmomin Hausa a ciki, dole a tanƙwara su. Gajeren wasali ya miƙe, dogo ya tsuke, inda murya za ta sauka sai ta hau. Na sha jin waƙar da sai na saurara sau uku kafin in gane Hausa ake yi. Hatsarin shi ne ƙannenmu da waɗannan waƙoƙi suke tashi, su suke haddacewa kafin su haddace karatun aji. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Hanzarin Masu Sana'a

Ba zai zama adalci ba in rufe ba tare da na kawo hanzarin masu abin ba, domin suna da shi, kuma ba na banza ba ne. Na farko, kuɗi. Mutum ɗaya da fiyano zai yi aikin makaɗa goma, ba abinci, ba kuɗin mota, ba jiran wanda bai zo ba. Na biyu, kasuwa. Waƙar ratse tana da ranta daban: ana sayar da ita, ana sa ta a gidan biki, tana fito da mawaƙi. Kiɗan rakiya kuwa ba mai sayensa shi kaɗai. Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne matsayin makaɗi a al'adarmu. Mun daɗe muna ɗaukar kiɗa a matsayin roƙo, sana'ar gado wadda ɗan mutunci ba ya shiga. Yaron da iyayensa ba za su yarda ya rataya kalangu ba, sai ga shi ya zauna gaban fiyano da kwamfuta ana ce masa injiniya. Fiyano ya buɗe wa dubban matasa ƙofar da al'ada ta rufe, kuma daga wannan ƙofa ne aka sami masu fasaha irin su Nura M. Inuwa da Nazifi Asnanic da Umar M. Sharif da Fati Nijar. Wanda ya ce waɗannan ba su iya tsara kalma ba, bai saurare su ba.

Duk da haka, hanzarin bai kore maganata ba. Ban ce a jefar da fiyano ba. Na'urar da ke iya kwaikwayon gogen Turawa tana iya ɗaukar muryar gurmi na gaske ta adana. Kiran mai gurmi ɗaya sutudiyo na yini guda bai kai kuɗin kayan da 'yar wasa ke sauyawa a waƙa ɗaya ba. Game da kasuwa kuwa, ai kiɗa ya riga ya sauya. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, an koma finafinai masu dogon zango a talabijin da YouTube. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna cewa Bahaushe zai zauna ya bi labari mako-mako ba don rawa ba. Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fitowa a 2020, ya yi amfani da waƙoƙin Naziru Sarkin Waƙa ta hanyar da, a ganina, ta fi kusa da ta tatsuniya, domin suna yin sharhi ne a kan halin da mutanen labarin ke ciki. Fim mai dogon zango kuwa shi ya fi kowane bukatar take, saboda mai kallo zai zauna da mutum ɗaya wata da watanni, ya kamata ya san shi da kunne kamar yadda ya san shi da ido.

Kammalawa

A taƙaice, shawarata uku ce. Darakta ya ba makaɗi labari ya karanta tun kafin a fita ɗaukar hoto, ya kuma zauna da shi bayan an tace, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Makaɗi ya tsara wa manyan mutanen labari takensu, ya koyi inda ake yin shiru. Mu kuma ɗaliban Hausa, waɗanda ake turawa ƙauyuka neman abin rubuta kundin digiri, mu riƙa ɗauko taken tsofaffin makaɗa da na'ura mai kyau, da sunan kowane take da wanda ake yi wa, mu ajiye inda masu fim za su iya samu. Da yawa daga cikin masu wannan ilimi sun tsufa, 'ya'yansu kuma ba su gada ba.

A kan hanyata ta komowa makaranta na biyo ta Birnin Kudu, inda duwatsun nan suke masu zanen shanu na mutanen da, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. A wurin akwai duwatsun da in an ƙwanƙwasa su sukan yi ƙara kamar ƙarfe, waɗanda Baturen nan masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a wuri guda aka sami hoton da kiɗan, dab da juna. Ƙasar da ta gaji wannan bai kamata a ce 'ya'yanta suna yin hoto a gida suna saukar da sautinsa daga wata uwa duniya ba.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Burina shi ne wata rana in koma Maruta da fim a waya, in zauna kusa da dattijon nan, a saki kiɗa, ya ce mini, "Ɗana, ga sarkin noma nan ya shigo gona," ni kuma in duba allo in ga haka ne. Allah ya ba shi tsawon rai ya ji wannan rana, mu kuma ya sa mu dace, amin.